Samfurin katin biki: yadda sabon mai zane zai haɗa shi ya kuma sayar

Yawancin masu koyon zane a waya ko kwamfuta da aikin oda suke farawa. A turo maka suna da hoto, ka zana, a biya ka, gobe ka koma jiran wani. Sana'a ce mai kyau, amma tana da iyaka, domin ranar da ba ka zauna ka yi aiki ba babu abin da zai shigo. Ɗaya hanyar ita ce ka zana abu sau ɗaya ta yadda wani zai iya buɗewa ya sauya suna da kwanan wata da kansa, sannan ka yi ta sayar da wannan abu ɗaya ga mutane da yawa. Shi ne samfuri.

Inda sababbi suka fi tuntuɓe shi ne wajen zaɓen abin da za su sayar. Mutum ya ga ana sayar da kundin tsara ayyukan mako a kasuwannin intanet na Amurka da Ingila, sai ya kwaikwaya, ya shiga gasa da dubban ƙwararru a kan masu sayen da bai san su ba, bai ma san yadda kuɗinsu zai iso gare shi ba. Alhali ga kasuwa a ƙofar gida: katin ɗaurin aure, kamu, walima, suna, saukar Alƙur'ani, barka da Sallah. Buƙata ce da ba ta yankewa, kuma mai zane na wata ƙasa ba zai iya yin ta daidai ba, don bai san cewa sunan iyalai ne ke zuwa kafin na ango da amarya ba, bai kuma san ƙugiyar ƙ da ɗ ba. A ganina, sabon mai zane ya fara da katin biki, ya tsaya a kansa har sai ya yi kyau.

Wa zai saya?

Ango ba shi ne babban mai saye ba. Shi sau ɗaya zai buƙaci kati, kuma ya fi son a yi masa a miƙo masa. Masu sayen samfuri na gaskiya su ne masu shagon buga takardu da ake kawo wa aikin kati kullum ba su da lokacin zane daga farko, da matasan da ke karɓar aikin zane a waya, da mata masu shirya biki waɗanda ke son su ba amarya zaɓi uku ko huɗu nan take. Waɗannan lokaci suke saye. Mai shago da aka kawo wa katin suna ranar Alhamis, sunan kuma ranar Asabar, ba ya neman abin burgewa, yana neman abin da zai buɗe ya cika cikin minti goma ya fita lafiya a injin ɗab'i. Duk shawarar da za ka yanke wajen zanen, da wannan mutum za ka auna ta.

Saboda haka kada ka sayar da kati ɗaya tal. Haɗa ƙunshi: kala ɗaya da ado ɗaya, amma a ciki akwai katin ɗaurin aure, na kamu, na walima, da na jerin shagulgulan biki gaba ɗaya. Kowanne kuma ya zo da girma biyu, na waya da na bugawa. Kati huɗu sau biyu, shafi takwas ke nan. Wannan ya isa kaya na farko.

Girma da ma'auni

Na waya, wanda za a ɗora a sitatus na WhatsApp, fiksel 1080 a faɗi da 1920 a tsawo. Ka bar kusan fiksel 250 a sama da ƙasa ba tare da muhimmin rubutu ba, domin sunan mai sitatus da wurin ba da amsa suna rufe wajen. In kana son ƙara na Instagram, 1080 da 1350.

Na bugawa, A5 ya fi sauƙi, milimita 148 da 210, wato rabin takardar A4. A kan dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, wannan ya kama fiksel 1748 da 2480. In ka yi shi ƙasa da haka, a waya zai yi kyau, a takarda sai gefen haruffa ya yi dishi-dishi. Sai kuma rarar gefe. Wuƙar yanka takarda ba ta sauka daidai kan layi kowane lokaci, don haka kalar bango ko ado da ya taɓa gefe dole ya zarce da milimita 3 ta kowane ɓangare, shafin ya zama 154 da 216. In babu wannan rara, za ka ga wani siririn farin layi a gefen wasu katunan bayan an yanka. Ta ciki kuma, rubutu ya nisanci gefe da aƙalla milimita 5. Zanen da ke da siririn layi mai zagaye kati dab da gefe ka guje masa: kuskuren milimita ɗaya wajen yanka zai sa gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, kowa kuma zai gani.

Batun kala yana jawo rigima tsakanin mai shago da mai biki, kuma daga ƙarshe kai za a zarga. Fuskar waya da haske take nuna kala, tsarin RGB, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, tsarin CMYK. Shuɗi mai ƙyalli da kore mai haske sukan dushe a takarda. Ruwan zinare, wanda kowa ke so a katin aure, shi ya fi ba da kunya: abin da ke walƙiya a waya yakan fito kamar ruwan ƙasa mai ratsin rawaya. Maganinsa shi ne ka yi amfani da zinaren a ado da manyan haruffa kawai, a kan bango mai duhu kamar kore sharr ko ja mai duhu, ƙananan rubutu kuma su zama baƙi ko fari. Zinare a kan madara ba ya karantuwa, musamman ga dattawan da aka fi kai wa katin takarda hannu da hannu. Kafin ka sa kaya a kasuwa, ka kai shago a buga maka kwafi ɗaya na kowane shafi, ka riƙe a hannu ka karanta. Kuɗin da za ka kashe a nan bai kai na mayar wa mutum ɗaya kuɗinsa ba.

Haruffa, inda aka fi samun matsala

Da yawa daga salon haruffan da ke da kyau a ido ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Abin da ke faruwa ɗaya ne cikin biyu: ko dai harafin ya fito ɗan akwati, ko kuma manhajar ta aro shi daga wani salo daban, sai ka ga kalmar «ɗaurin» harafinta na farko ya fi sauran siranta ko ya ɗan nutse ƙasa. Na biyun ya fi haɗari don ba a saurin lura da shi sai an buga ɗari biyu. Kai ka rubuta «Wane» da «Wance» a samfurin, komai ya yi daidai, mai saye kuma ya zo da suna mai Ɗ babba a farko, ko wurin taro a unguwar da sunanta ke da ƙ.

Gwajin ba shi da wuya. Duk salon da za ka yi amfani da shi, rubuta waɗannan takwas a jere, ka ƙara girmansu sosai, ka duba: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ. Kada ka tsallake biyun ƙarshe wai don a Najeriya 'y ake rubutawa. A Nijar ƴ ake amfani da shi, kuma mai saye daga Maradi ko Damagaram zai buƙace shi. Noto Sans da Noto Serif suna da su duka, haka ma Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, waɗanda aka yi su tun asali don harsuna irin namu. Salon rubutun hannu mai lanƙwasa, wanda ake so wajen sunan ango da amarya, shi ne ya fi rasa su. In ka ga wanda kake so bai da ƙugiya, ka bar shi, ko ka tanadi na biyu a gefen shafin ka rubuta wa mai saye cewa in sunan na da ƙugiya ya ɗauki wannan. Salo biyu sun isa kati ɗaya, uku shi ne iyaka.

Larabci kuma nasa daban. Wasu manhajoji suna rarraba haruffan ko su juya su daga hagu zuwa dama, wanda bai iya karatu ba kuma ba zai gane ba. Bisimilla ko addu'ar aure da za ka sa, ka rubuta ta da salo mai kyau kamar Amiri ko Noto Naskh Arabic, ka nuna wa malami ya duba wasula, sannan ka mayar da ita hoto marar bango ka kulle ta a shafin, don kada ta wargaje a wayar wani. Mai son rubutu irin na allo, akwai Alkalami, wanda aka tsara bisa salon rubutun Kano, yana cikin Google Fonts kyauta, kuma yana dacewa ƙwarai da katin sauka. Wani abu da ya kamata a kula: mutane da dama ba sa son aya a katin takarda saboda bayan biki a ƙasa yake ƙarewa. Ka yi kwafi biyu, mai Larabci da marar shi, ka bar wa mai saye zaɓi.

Sai tsawon rubutu. Katinmu ba gajere ba ne. Iyalan marigayi Alhaji Wane, da sarautarsa in yana da ita, da na Malam Wane, sannan ango da amarya, rana da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, lokaci, masallaci da kwatancensa, lambobin waya biyu ko uku, da roƙon addu'a ga wanda bai samu zuwa ba. Ka gwada samfurin da mafi tsawon suna da za ka iya tunani, mai kalma shida ko bakwai. In layin ya karye ya hau kan na ƙasa, gyara tun yanzu. Kowane bayani ya zauna a akwatinsa daban, kada ka haɗa rana da wuri a akwati ɗaya, ado da bango kuma ka kulle su don yatsa kada ya ja su bisa kuskure.

Manhaja da haƙƙin mallaka

Manhajar zane ta Canva ta fi sauƙi ga mai farawa, don mai saye ba ya buƙatar komai sai asusu na kyauta. Amma akwai ƙa'idoji uku da ba a wasa da su.

Na farko, mahaɗin da za ka bayar. Wanda ake kira Template link shi ne daidai, domin duk wanda ya buɗe shi kwafinsa na kansa yake samu. In ka ba da mahaɗin gyara, mai saye na farko zai shiga ainihin zanenka ya sa sunan amaryarsa, na biyu kuma ya tarar da shi haka. Kada kuma ka goge zanen asali daga asusunka, in ka goge mahaɗin ya mutu a hannun duk wanda ka sayar wa.

Na biyu, duk hoto ko ado ko salon haruffa da ke da alamar kambi na masu biyan kuɗi ne. Kai da kake da Pro, wato asusun masu biya, ba za ka ga matsala ba, amma mai asusun kyauta zai ga ratsi-ratsi a kan hoton, in ya zo saukewa a nemi ya biya. Zai ɗauka ka cuce shi. Ka yi amfani da na kyauta zalla, ko ka zana adonka da kanka, wanda ya fi. Dagin arewa, zanen lalle, zanen zayyana na littattafan allo, adon ginin gargajiya, duk ana iya haɗa su da layi da da'ira, kuma su ne za su bambanta kayanka da na kowa.

Na uku, kada ka gina kasuwa a kan Pro na arha da ake sayarwa a zaurukan WhatsApp, wanda ake cusa mutum cikin asusun makaranta ko na wata ƙungiya da bai sani ba. Ranar da aka rufe asusun ko aka cire ka, zanenka da mahaɗanka na iya tafiya tare.

Masu aiki da PixelLab, wata manhajar zane ta waya, kuma fayil ɗinta na PLP suke so. In shi za ka sayar, ka haɗa shi da salon haruffan da ka yi amfani da su a jaka ɗaya ta ZIP, amma fa sai in lasisinsu ya yarda a raba. Mafi yawan na Google Fonts suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda da haka muddin ka sa takardar lasisin a ciki kuma ba su kaɗai kake sayarwa ba. Waɗanda ake saukewa daga shafukan kyauta da yawansu don amfanin kai ne kawai, ba don kasuwanci ba. Buɗe ɗan fayil ɗin bayanin da ke zuwa da su ka karanta. Hoton amarya da ka tsinta a Pinterest ko Instagram kuwa ba naka ba ne, kuma 'yar mutane ce. Kada ka sa shi ko a talla. Bar gurbin hoto a buɗe.

Abin da mai saye zai karɓa

Fayil ɗaya na PDF, shafi biyu. Shafin farko yana ɗauke da mahaɗan, kowanne da sunansa a rubuce: ɗaurin aure na waya, ɗaurin aure na bugawa, haka har ƙarshe. Shafi na biyu bayani ne da Hausa: yadda ake sauya rubutu, yadda ake sauke na waya a PNG, na bugawa kuma a PDF Print tare da kunna zaɓin rarar gefe. Ka rubuta masa ƙarara cewa in zai tura wa mai ɗab'i ta WhatsApp ya tura a matsayin takarda (Document), ba hoto ba, domin WhatsApp na matse hoto ya rage masa inganci. A ƙasa ka sa sharaɗi cikin layi uku: an yarda ya yi wa abokan cinikinsa kati da shi ko sau nawa ne, ba a yarda ya sayar da samfurin ko ya raba mahaɗin ba, kuma ba a mayar da kuɗi bayan an sauke sai in fayil ɗin ya ƙi aiki an kuma kasa gyarawa. Bidiyo na minti biyu da ke nuna fuskar wayarka kana cika katin yana rage tambayoyi fiye da duk wani rubutu.

Kafin ka sayar, ari ƙaramar wayar Android ta wani, buɗe sabon asusu na kyauta, ka bi matakan nan kamar ba kai ka rubuta su ba. Ya fi kyau ma ka miƙa wa wanda bai iya zane ba ka zauna ka yi shiru kana kallo. Duk inda ya tsaya yana tunani, wajen na buƙatar gyara.

Farashi da karɓar kuɗi

Mutane da yawa za su fi son su tura kuɗi ta banki ko OPay ko Moniepoint, ka tura musu fayil a WhatsApp. Babu laifi a fara da haka, sai dai hoton rasit ba shaida ba ne, ana ƙirƙirar na bogi. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka kafin ka saki kaya, domin fayil in ya fita ba ya dawowa. Matsalar wannan hanya ita ce sai kana farke. Selar, wanda aka gina a Najeriya don irin wannan ciniki, yana karɓar kuɗin ya kuma miƙa wa mai saye fayil ɗin nan take ko da tsakar dare ne, yana cire kasonsa daga kowane ciniki. Ka duba kason a shafinsu kafin ka yanka farashi.

In kuma Paystack, dandalin karɓar kuɗi ta intanet, za ka yi amfani da shi kai tsaye, ga wani lissafi mai amfani. Cajinsu na cikin gida kashi 1.5 cikin ɗari ne da ƙarin naira 100, amma ana yafe naira 100 ɗin ga cinikin da bai kai naira 2,500 ba. Wato in ka sayar a 2,500, za a cire 137.50, ka tashi da 2,362.50. In ka sayar a 2,400, za a cire 36, ka tashi da 2,364. Mai saye ya biya ƙasa, kai ka samu sama. Don haka ko dai ka tsaya ƙasa da 2,500, ko ka haura sosai.

Wajen yanka farashin kansa, tambayi masu shago biyu ko uku a garinku nawa suke karɓa a zana kati ɗaya. Ƙunshinka ya kasance mai saye zai mayar da kuɗinsa a aiki na biyu ko na uku. Kada ka karya shi ƙasa sosai don kai sabo ne. Wanda ya saya da arha ma zai kira ka da tambaya, kuma lokacinka ɗaya ne.

Talla da lokaci

Hoton talla ya nuna katin a cike da sunayen misali, a fuskar waya da kuma a hannu bayan an buga. Ka rage girmansa, ka ratsa sunan kasuwancinka a tsakiya dishi-dishi, in ba haka ba wani zai ɗauka ya goge rubutun ya yi amfani da bangon. Bidiyon da ke nuna yadda kati ke sauyawa daga babu suna zuwa kammalalle cikin daƙiƙa talatin shi ya fi jan hankali a sitatus da TikTok da Facebook. Amma cinikin farko yawanci da ƙafa ake samun sa: ɗauki kwafin da ka buga ka shiga shagunan ɗab'i na unguwarku ka nuna. Ka kuma ba da kati ɗaya kyauta, misali na barka da Juma'a, mai ɗauke da sunanka ƙarami a ƙasa, domin wanda ya gwada ya ga ya yi aiki ya fi saurin saye.

Kasuwar na da kaka. Bukukuwa na cunkushewa kafin azumi, da bayan Sallah, da ƙarshen shekara. Kayanka ya kasance a shirye wata guda kafin lokacin, don kati na riga biki fita da makonni. Na suna kuwa ba shi da lokaci, kuma kullum cikin gaggawa ake neman sa tunda kwana bakwai ne kacal, shi ya sa ya dace ya zama kayanka na biyu.

Za a raba mahaɗinka a wani zaure, wannan kusan tabbas ne, kuma babu makullin da zai hana gaba ɗaya. Abin da za ka iya shi ne ka sa saye daga hannunka ya fi riba: ka ajiye lambobin waɗanda suka saya da izininsu, ka riƙa tura musu sabuwar kala ko ƙarin shafi kyauta duk bayan wata biyu ko uku, ka amsa musu da sauri in sun maƙale. In ka ga wani mahaɗi ya bazu sosai, yi kwafin zanen, fitar da sabon mahaɗi, tura wa masu sayenka, ba su kwana uku su buɗe, sannan ka goge tsohon. Tambayoyin da suke yi kuma ka riƙa rubuta su a wuri ɗaya. In mutum uku suka tambayi yadda za a ƙara lambar waya ta huɗu, ka koma samfurin ka buɗa mata gurbi, ka sabunta takardar bayani, sannan ka fara ƙunshi na gaba.